Inda Ake Gwaji Daban, Inda Ake Aiki Daban

Da safiyar 9 ga Nuwamba, 1979, allunan kwamfuta a hedikwatar rundunar tsaron sararin samaniya ta NORAD, wadda aka haƙa a cikin Dutsen Cheyenne da ke jihar Kolorado ta Amurka, suka nuna cewa Tarayyar Sobiyet ta harbo makamai masu linzami masu ɗimbin yawa. Saƙon ya bayyana a wasu cibiyoyin soja, har da Pentagon. Aka sa masu kula da makaman nukiliya cikin shiri, jiragen yaƙi kusan goma suka tashi, jirgin da aka tanada domin shugaban ƙasa ya jagoranci yaƙi daga sama shi ma ya tashi, ko da yake Shugaba Jimmy Carter ba ya ciki. Cikin 'yan mintuna aka duba abin da taurarin ɗan'adam da na'urorin rada ke gani kai tsaye, aka tarar babu ko makami ɗaya a sararin sama. Ashe bayanan atisaye ne, waɗanda aka shirya domin kwaikwayon hari, suka shiga kwamfutar da ke aikin sa ido na gaske, ita kuwa ta karɓe su ta yaɗa, domin ba ta da hanyar da za ta bambanta wasa da yaƙi.

Abin da ya fi jan hankalina shi ne maganin da aka yi. A 1980 aka kashe kimanin dala miliyan 16 aka kafa wata cibiya daban, a wajen dutsen, wadda aikinta kawai rubuta manhaja da gwada ta, domin kada a sake yin gwaji a kan na'urorin da ke tsaron ƙasa. Wato an yarda cewa jan kunnen ma'aikata bai isa ba. Matuƙar abin gwaji da abin gaske suna kan na'ura ɗaya, wata rana za su gauraya, komai ƙwarewar mutanen da ke zaune a gabanta.

Wannan ƙa'ida ce da duk mai harkar manhaja ya kamata ya riƙe, daga banki zuwa makarantar da ke sa sakamakon jarrabawa a intanet. Ga yadda take aiki.

Manhajar da ake kula da ita da kyau tana rayuwa ne a wurare uku ko huɗu a lokaci guda. Na farko shi ne wurin gini, galibi kwamfutar mai rubuta manhajar, inda yake rubuta kod, ya ɓata, ya goge, ya sake. A nan kuskure ba laifi ba ne, da shi ake aikin. Na biyu shi ne wurin gwaji, inda ake haɗa abin da mutane daban-daban suka rubuta a ga ko sun dace da juna, sannan masu gwaji su yi ta neman inda za ta karye: su sa haruffa inda ake son lamba, su danna maɓalli sau biyu, su yanke intanet a tsakiyar tura kuɗi. Manyan wurare suna ƙara na uku, wurin share fage, wanda ake ginawa ya yi kama da na gaske iya yadda za a iya, a yi gwajin ƙarshe a kansa. Sai na ƙarshe, fagen aiki, wato manyan kwamfutocin da ake kira saba, tare da rumbun bayanansu, waɗanda jama'a ke taɓawa duk lokacin da suka buɗe manhajar banki, ko suka danna lambar USSD, ko mai POS ya zura katinsu. Kuɗin da ke nan kuɗi ne, sunayen da ke nan na mutane ne masu rai.

Duk wanda ya taɓa zama a shagon tela ya ga tushen abin. Yaron da ke koyon ɗinki a kan takardar buhun siminti yake koyon yanka, ba a kan shaddar da amarya ta kawo ba, domin idan almakashi ya kauce a kan takarda sai a yar a ɗauko wata. Sai dai manhaja ta fi wannan wuya da abu ɗaya. Yaron tela ba zai taɓa rikita takarda da shadda ba, ido da hannu za su gaya masa. A kwamfuta kuwa wurin gwaji da fagen aiki kamarsu ɗaya a allo, kuma da gangan ake sa su yi kama, domin gwajin da aka yi a wurin da bai yi kama da na gaske ba bai tabbatar da komai ba. Nan ne wahalar take: ana son su yi kama ƙwarai, kuma ana son kada su taɓa juna ko kaɗan.

Dubi abin da rashin kamar ya jawo wa bankin TSB na Birtaniya. A watan Afrilu na 2018 bankin ya kwashe bayanan abokan hulɗarsa, fiye da miliyan 5, daga tsarin kwamfutar Lloyds zuwa wani sabo da kamfanin da ya mallake shi a lokacin, Sabadell na Sifen, ya gina. Sabon tsarin yana zaune ne a cibiyoyin bayanai guda biyu da ya kamata su yi aiki tare, su kuma zama iri ɗaya. Binciken da aka yi daga baya ya gano cewa ba a saita su iri ɗaya ba, kuma muhimman gwaje-gwajen ɗaukar nauyi a kan cibiya ɗaya kawai aka yi su. Da aka buɗe wa jama'a, dubban ɗaruruwan mutane suka kasa shiga asusunsu, wasu suka riƙa ganin bayanan asusun da ba nasu ba, matsalar ta ɗauki watanni kafin ta lafa. A Disamba 2022 hukumomin kula da harkar kuɗi na Birtaniya suka ci bankin tarar fam miliyan 48.65. An yi gwaji, ba a ce ba a yi ba, amma abin da aka gwada ba shi ne abin da aka kunna ba.

Ɗaya ɓangaren kuma, inda kamar ta yi yawa babu katanga, shi ne abin da ya faru a jihar Hawai ta Amurka ranar Asabar, 13 ga Janairu, 2018. Da ƙarfe 8:07 na safe wayoyin mutane a duk jihar suka yi ƙara da gargaɗin cewa makami mai linzami na tafe, kowa ya nemi mafaka. Atisaye ake yi a hukumar agajin gaggawa ta jihar, wani ma'aikaci ya ɗauka da gaske ne. Amma abin tambaya shi ne, me ya sa hannun mutum ɗaya ya isa? A manhajar da suke amfani da ita, saƙon gwaji da saƙon gaske a jeri ɗaya suke, tambayar tabbatarwa da ke fitowa kafin a tura iri ɗaya ce ga duka biyun, kuma ba a buƙatar mutum na biyu ya amince. Sai da aka yi minti 38 kafin saƙon gyara ya isa wayoyin jama'a. Bayan nan aka sa dokar cewa sai mutum biyu sun tabbatar kafin a tura.

To, mene ne ainihin abin da ake rabawa? Mutane da yawa suna ɗauka idan an buɗe babban fayil an sa masa suna "gwaji" a kan saba ɗaya da ta aiki, an gama. Ba a gama ba. Manhajar gwaji da ta haukace ta cinye ƙwaƙwalwar na'ura ko ta cika faifan ajiya, tare da ta aiki za su faɗi. Rabuwa ta gaske tana nufin na'ura daban, ko aƙalla asusu daban a wurin kamfanin da ke ba da hayar saba, da hanyar sadarwa daban wadda aka toshe ta yadda kwamfutar gwaji ko ta nemi rumbun bayanan aiki ba za ta same shi ba. Ma'aunin da nake amfani da shi mai sauƙi ne: a ɗauka mai rubuta manhaja ya yi kuskure mafi muni da zai iya yi a wurin gwaji, ya ba da umarnin goge komai. Idan akwai wata hanya da umarnin zai bi ya taɓa bayanan jama'a, ba a raba ba tukuna.

Sannan akwai mabuɗai. Kowace manhaja tana riƙe da kalmomin sirri da take shiga rumbun bayanai da su, da mabuɗan da take magana da wasu kamfanoni da su. Dole na gwaji su bambanta da na aiki, kuma kada a rubuta na aiki a cikin kod inda duk mai hannu a ginin zai gani. Matasanmu da ke haɗa shafin sayar da kaya da Paystack sun san wannan a aikace, domin kamfanin yana ba da mabuɗai kashi biyu, na gwaji da na aiki, tare da lambobin kati na ƙarya. Da mabuɗin gwaji za ka iya "biyan" kuɗi sau ɗari, komai ya nuna ya yi daidai, amma ko kwabo bai motsa daga asusun kowa ba. Kamfanin Stripe ma haka yake yi, lambar katinsa ta gwaji, 4242 sau huɗu, ta shahara a wurin masu wannan sana'a. Irin wannan shiri ake so ga duk abin da ke fita waje: saƙon tes, imel, umarnin tura kuɗi. A wurin gwaji ya kamata su faɗa cikin akwatin da ba ya kai wa ga kowa. A watan Yuni na 2021 masu biyan kuɗin kallon HBO Max da dama suka sami wani imel na gwaji marar kan gado, kamfanin ya ce wani ɗalibi mai koyon aiki ne ya tura bisa kuskure. Ni ban ga laifin yaron ba. Wanda ya haɗa wurin gwaji da adireshin mutane na gaske shi ne mai amsa tambaya.

Batun bayanai shi ne inda na fi ganin ana sakaci, kuma ina fahimtar dalilin. Gwaji mai kyau yana son bayanai masu yawa, masu datti irin na rayuwa: mutum mai asusu uku, wanda ya canja lambar waya, wanda aka rubuta sunansa iri biyu. Hanya mafi sauri ita ce a kwafo rumbun aiki gaba ɗaya a zuba a wurin gwaji. Da an yi haka, sunayen mutane da lambobinsu na BVN da NIN da tarihin cinikinsu ko na rashin lafiyarsu sun koma wurin da tsaronsa ya fi rauni, wurin da 'yan kwangila da masu koyon aiki ke shiga, kuma daga nan sau da yawa su sauka a kwamfutar tafi-da-gidanka ta wani, wadda za a iya sacewa a mota. Mai bayanan bai san an yi ba, ba a kuma nemi izininsa ba.

Hanyar da ta dace iri biyu ce. Ko a ƙirƙiri bayanan ƙarya tun daga tushe, ko a kwafo na gaske amma a sauya duk abin da zai nuna mutum kafin su bar fagen aiki. Sauyawar tana son kula. Idan aka musanya lambar BVN ta wani da ta ƙarya, dole ta kasance mai lamba 11 kamar ta gaske, kuma duk inda tsohuwar ta bayyana a rumbun a sa sabuwar iri ɗaya, in ba haka ba alaƙar asusu da mai shi ta warware, gwajin ya lalace. Goge suna kaɗai kuma bai isa ba, domin ranar haihuwa da unguwa da wurin aiki idan suka haɗu suna iya nuna mutum sarai. Akwai kuma wani abu da ya shafe mu kai tsaye. Wanda ke ƙirƙirar bayanan gwaji domin manhajar da Hausawa za su yi amfani da ita, ya tabbata ya sa sunaye irin su Sa'adatu da Mu'azu da Ɗanladi, da garuruwa irin su Ƙanƙara. Alamar da ke tsakiyar Sa'adatu ita ce dai alamar da harshen rumbun bayanai ke rufe zance da ita, kuma manhajar da aka rubuta da ganganci takan tsaya cak idan ta ci karo da ita. Haruffa masu lanƙwasa kuwa sukan koma alamar tambaya a takardar sakamako ko rasit. A wurin gwaji ya kamata a kama wannan, ba ranar da uwa ta zo yi wa 'yarta rajista ba.

Wannan ba ra'ayina kaɗai ba ne, yana cikin ƙa'idojin da manyan kamfanoni ke sa hannu a kai. Ƙa'idar tsaron bayanai ta ISO 27001, bugun 2022, ta ware sashe na 8.31 domin raba wurin gini da na gwaji da na aiki. Ƙa'idar PCI DSS, wadda ke kan duk mai sarrafa bayanan katin Visa ko Mastercard, har da bankunanmu, ta hana amfani da lambobin kati na gaske a wurin gwaji sai in an ba shi tsaro irin na fagen aiki, ta kuma ce a cire asusun gwaji da bayanan gwaji kafin a kunna manhaja. A Najeriya kuma Dokar Kare Bayanai ta 2023, wadda aka sa wa hannu a watan Yuni na shekarar, ta ɗora wa mai riƙe da bayanan mutane alhakin tsare su, kuma tarar manyan masu riƙe da bayanai tana iya kai wa naira miliyan 10 ko kashi 2 cikin ɗari na kuɗin shigarsu na shekara, duk wanda ya fi yawa. Bayanan da suka zube daga wurin gwaji bayanai ne da suka zube.

Akwai wani kuskuren tunani da ke biyo bayan rabuwa, wato a ce tunda wurin gwaji ba na gaske ba ne, ba ya buƙatar tsaro. Kamfanin Microsoft, da duk girmansa, ya ɗanɗana wannan. Daga ƙarshen Nuwamba 2023 wata ƙungiyar masu kutse da kamfanin ke kira Midnight Blizzard, wadda ya danganta da hukumar leƙen asirin waje ta Rasha, ta riƙa gwada sanannun kalmomin sirri a kan asusu daban-daban, kaɗan-kaɗan domin kada a lura. Suka dace da wani tsohon asusun gwaji da ba a sa masa matakin tabbatarwa na biyu ba. Da a ce asusun a killace yake, da sun shiga wurin da babu komai. Amma daga cikinsa suka sami wata tsohuwar manhajar gwaji da aka taɓa ba izini mai girma a cikin tsarin kamfanin na gaske, ba a kuma janye ba. Da ita suka ba kansu ikon karanta imel na wasu manyan shugabannin kamfanin da ma'aikatan sashen tsaro da na shari'a. Sai ranar 12 ga Janairu, 2024 aka gano su, bayan makonni suna ciki. Kalmar "tsoho" ta fito sau biyu a wannan labari, kuma ba banza ba. Abin gwaji ana kafa shi ne cikin gaggawa domin buƙatar mako ɗaya, a ba shi izini mai faɗi domin aiki ya yi sauri, mutumin da ya kafa shi ya canja sashe ko ya bar aiki, abin ya ci gaba da zama a kunne ba mai shi. Duk wurin da ke da tsarin kwamfuta ya kamata ya riƙa zagayawa lokaci-lokaci yana kashe irin waɗannan.

Idan an raba wuraren, dole a bar hanya ɗaya da sabon kod zai bi ya isa fagen aiki, kuma wannan hanya ita ce ta fi kowane wuri haɗari. Ƙa'idar ita ce kod ya riƙa tafiya gaba kawai, daga gini zuwa gwaji zuwa share fage zuwa aiki, kuma abin da aka gwada shi ɗin ne za a ɗora, ba a sake taɓa shi a hanya ba. Wanda ya rubuta ba shi ne zai amince da aikin kansa ba, wani zai duba. Ba zargi ba ne. Ido na biyu yana ganin abin da na farko ya saba da shi har ya daina gani, kuma a wurin da kuɗi ke gudana, mutum ɗaya da zai iya rubuta kod ya ɗora shi ba wanda ya sani yana iya karkatar da kuɗi ya share sawunsa.

Kamfanin Knight Capital, wanda a lokacinsa yana cikin manyan dillalan hannun jari a Amurka, a kan wannan hanya ya karye. A ƙarshen Yuli 2012 ya shirya sabon kod domin wani sabon tsarin ciniki da kasuwar hannun jari ta New York za ta fara ranar 1 ga Agusta. Kod ɗin za a ɗora shi a kan saba takwas, da hannu. Ma'aikacin ya ɗora a kan bakwai, ya tsallake ɗaya, babu kuma dokar cewa wani ya bi bayansa ya duba. A cikin ta takwas ɗin akwai wani tsohon kod mai suna Power Peg da aka daina amfani da shi tun 2003 amma ba a goge ba, kuma sabon kod ya ari wata alama da a da ita ce ke tayar da tsohon. Da kasuwa ta buɗe ƙarfe 9:30, saba bakwai suka yi aikinsu daidai, ta takwas ta tayar da Power Peg, wanda tun wani gyara da aka yi a 2005 ya daina sanin lokacin da oda ta cika. Sai ya riƙa aika oda ba tsayawa. Tun kafin a buɗe kasuwa tsarin ya aika saƙonnin imel 97 da ke ambaton matsalar, ba wanda ya ɗauke su a matsayin gargaɗi. Da hankali ya tashi, injiniyoyi suka ɗauka sabon kod ne mai laifi, suka cire shi daga saba bakwai masu lafiya, su ma suka shiga yin abin da ta takwas ke yi. Cikin minti 45 aka yi ciniki fiye da miliyan 4 a hannun jarin kamfanoni 154, asarar ta haura dala miliyan 460 a lissafin SEC, hukumar kula da kasuwar hannun jari ta Amurka, wadda daga baya ta ƙara masa tarar dala miliyan 12. Shekara ba ta zagayo ba kamfanin ya narke cikin wani.

Abin da ya sa na daɗe a kan wannan labari shi ne, yana nuna cewa gwaji mai kyau ba ya ceton wanda hanyarsa ta ɗora kod ba ta da tsari. Fagen aiki na Knight a safiyar nan, bakwai sababbi ɗaya tsohuwa, yanayi ne da ba a taɓa gwada shi a ko'ina ba. Shi ya sa yau ake ba na'ura aikin ɗorawa, ta yi shi iri ɗaya kowane lokaci, ta tabbatar kowace saba ta karɓa, ta rubuta wanda ya amince da lokacin da aka yi, a kuma tanadi hanyar komawa baya da aka riga aka gwada kafin ranar tashin hankali.

Masu sana'ar za su ce, kuma da gaskiyarsu, akwai abin da ba ya bayyana sai a fagen aiki. Ba wurin gwajin da zai kwaikwayi cunkoson ƙarshen wata lokacin da albashi ya shiga, ko dubban nau'o'in wayoyin da ke hannun jama'a, ko intanet da ke ɗaukewa yana dawowa. Amsar ita ce a saki sabon abu kaɗan-kaɗan: a ba kashi ɗaya cikin ɗari na masu amfani, a sa ido, in lafiya a ƙara. Kamfanin tsaron kwamfuta na CrowdStrike bai yi haka ba ranar 19 ga Yuli, 2024, lokacin da ya tura wani ƙaramin fayil mai aibi ga abokan cinikinsa gaba ɗaya. Ya janye shi bayan minti 78, amma kafin nan kwamfutocin Windows kimanin miliyan 8.5 sun faɗi, jiragen sama sun kasa tashi, asibitoci sun ɗage ayyuka. Cikin alƙawuran da ya yi bayan nan har da sakin irin wannan fayil mataki-mataki. Haka nan akwai daren da dole injiniya ya shiga fagen aiki kai tsaye domin komai ya tsaya. Wannan ma ana shirya masa: mabuɗin gaggawa da ake bayarwa na 'yan sa'o'i, a rubuta duk abin da aka yi da shi, a karɓe shi da safe, gyaran kuma a mayar da shi wurin gini domin kada ɗorawa ta gaba ta shafe shi.

Yanzu kuma ga sabon ma'aikaci ya shigo, wato manhajojin ƙirƙirarriyar basira da ke rubuta kod su kuma aiwatar da umarni da kansu. A watan Yuli na 2025 ɗaya daga cikinsu, na kamfanin Replit, ya goge rumbun bayanan aiki na wani ɗan kasuwar manhaja a Amurka, alhali an gaya masa ƙarara kada ya canja komai. An samu an dawo da bayanan. Shugaban kamfanin, Amjad Masad, ya ce abin bai dace ba, kuma gyaran farko da ya sanar shi ne raba rumbun gini da rumbun aiki kai tsaye. Umarnin baki bai tsare komai ba, domin mabuɗin yana hannun wanda aka yi wa umarnin.

Na san abin da mai ƙaramin kamfani a Kano ko Kaduna zai ce, shi da yaransa biyu da ke kula da shafin wata makaranta ko wani asibiti: wannan tsari na masu kuɗi ne. Ban yarda ba. Gaskiya ne ba zai iya gina cibiya ta biyu ba, amma rumbun bayanai na biyu da kalmar sirri daban kusan kyauta ne a yawancin wuraren hayar saba. Git, wanda ke adana tarihin kowane canji a kod ya kuma ba da damar komawa baya, kyauta ne tun da Linus Torvalds ya fito da shi a 2005. Docker yana ba shi damar kafa kwafin tsarin gaba ɗaya a kan kwamfutarsa. Sa wa allon fagen aiki jan launi domin ido ya gane inda yake ba ya cin ko sisi. Abin da ke da tsada shi ne al'adar buɗe fayil a kan saba mai aiki da tsakar rana a gyara shi ɗalibai suna tsakiyar rajista, da barin asusun gwaji mai kalmar sirri 1234 a shafin da ke riƙe da bayanan marasa lafiya.

Kai kuma shugaban makaranta, ko mai asibiti, ko jami'in da ke sa hannu a kwangilar manhaja, ba sai ka iya rubuta kod ba kafin ka kare mutanen da suka ba ka amanar bayanansu. Kafin ka biya kuɗin ƙarshe, ka ce wa mai aikin ya nuna maka a allo inda yake gwada canji kafin ya taɓa na gaske, ya gaya maka bayanan wa ke ciki, ya kuma lissafa maka sunayen duk waɗanda ke riƙe da mabuɗin fagen aiki. Idan ya ce ai shi ƙwararre ne, ba ya buƙatar wurin gwaji, ka riƙe kuɗinka har sai ya kafa shi.